Mikiyar da ta ɓata hanya

Jiya da yamma muna zaune bakin kogin Kaduna wajen Gamji, shirwa na ta shawagi, sai ƙanina ya nuna min hoton wata ƙatuwar mikiya a waya, irin ta gabashin Rasha ce fa, baki rawaya fukafukai sun fi mita 2, amma a 2021 sai ga ta a gabashin Kanada, ƙarshen shekarar kuma ta ɓulla Amurka. Turawa suka yi ta tururuwa da kyamara cikin wannan uban sanyi nasu. Masana sun ce wani lokaci iska ce ke kwasar irinsu, wani lokaci tsuntsun ne alƙibla ke rikice masa. Ni dai da a unguwar Kawo ta sauka wallahi yara ne za su fara tarbarta da danƙo.