Godiya bayan rufe zaman kiɗa na shekara ta 20 a Damagaram

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, na Birni da na Zango da sauran unguwanni, da baƙinmu da suka riƙa tasowa daga Mirya, Matamaye, Magarya da Gure.

Cikin ikon Allah an rufe zaman kiɗa na bana, wanda da shi ne wannan zama na kyauta ya cika shekara 20. Yadda aka saba haka aka yi: lokacin sanyi, daren Asabar bayan isha'i, ba tikiti, ba kujerar manya. Yaba kyauta tukuici, in ji Hausawa. Sai dai muna so mu haɗa godiyar da bayanin aikin da kowa ya yi, domin mafi yawansa aiki ne da mai zuwa saurare ba ya gani, kuma masu tambayarmu daga wasu garuruwa yadda ake tsayar da irin wannan zama su samu abin kamawa.

Tun farko zaman na ƙaramin kiɗa ne, makaɗa biyu zuwa biyar, suna kallon juna, suna jin juna. Turawa ma suna da irinsa tun ƙarni na 18, inda mutum huɗu ke zama da gogensu manya da ƙanana, ba mai tsayawa gabansu da sanda. Namu kayan su ne molo, gurmi, garaya, kuntigi, goge, kukuma, sarewa da ƙwarya. Kakaki da algaita da tambari na fili ne da ƙofar fada, in suka shigo tsakar gida babu abin da za a ƙara ji sai su. Kalangu ma guda ɗaya muke bari, a zaunar da mai shi daga baya. Mun gode wa makaɗan kalangu da suka yarda da wannan sharaɗi ba tare da sun ɗauke shi raini ba.

Godiya ta farko ga iyayenmu makaɗa, amma tare da su dole a sa majema da masu ɗaurin fata, don ba su ba goge. Mutane da yawa suna zaton fatar da dukawa ke ɗinka jaka da ita ce ake ɗaura wa kayan kiɗa. Ba ita ba ce. Fatar da aka jeme da bagaruwa ta yi laushi, ko an ja ta iyakar ja ba ta amsawa. Ɗanya ake nema. A jiƙa ta ta kwana, a kankare gashin da sauran nama ba tare da wuƙa ta ci ta ba, a ɗaura ta kan ƙwarya tana jiƙe, a kafe gefe da gefe daura da juna don kada jan ya karkata, sannan a bar ta a inuwa kwana biyu zuwa uku. Wanda ya yi gaggawa ya shanya a rana, fatar za ta tsuke farat ɗaya, ko ta yage a bakin ƙusa ko ta murɗe ƙwaryar. Goge fatar guza yake so, ita kuwa ta yi wuya yanzu. Wasu na maye gurbinta da siririyar fatar akuya. Tana yi, amma muryar ba ta kai ta guza kaifi ba, kuma ta fi saurin saki.

Sakin nan shi ne babbar rigimar lokacin hunturu. Da rana iskar Damagaram bushewa take yi ƙarau, fata ta ɗame har ta so fashewa. Da dare ya yi, sanyi ya sauko, ga danshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa, sai ta fara saki, jakin da ke ɗauke da tsarkiya ya ɗan nutse, murya ta faɗi. Shi ya sa kuke ganin kaskon garwashi a bayan makaɗa, ba don ɗumama hannu kaɗai aka ajiye shi ba. Ana kara fatar nesa da garwashin kamar kamu ɗaya, ana jujjuyawa minti biyu ko uku, ana ƙwanƙwasawa da yatsa har a ji ta dawo. In tafin hannu bai iya jure zafin wurin ba, fata ma ba za ta jure ba. Garwashi ake so wanda ya riga ya ruru, ba harshen wuta ba, ba kuma hayaƙi. A bana fatar kukuma ɗaya ta tsage ana tsakiyar waƙa, kuma da aka bincika ba garwashi ya yi ba, kukumar ta wuni cikin rufaffiyar mota a rana, ta riga ta yi rauni tun kafin a ɗauko ta. Allah ya saka wa makaɗin da ya miƙa tasa nan take. Wanda ya san makaɗa ya san ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ba wani kayansa.

Sai tsagiya. Tsarkiyar goge gashin wutsiyar doki ne da aka haɗa dami guda, haka ma ta izgar da ake gogawa da ita. Abin da ke sa su kama juna shi ne ƙaro, abin da ke raba su kuwa maiko. To ga shi lokacin sanyi kowa ya shafe hannunsa da mai saboda faso, ga mai tsire a bakin ƙofa. Yaro ɗaya ya shafa tsagiya da irin wannan hannu, izga sai ta yi ta sulɓi, ko an ƙara ƙaro ba ya zama. Dalilin igiyar da muka ja tsakanin makaɗa da sahun farko ke nan, ba wulaƙanci ba ne. Kuma in sili ɗaya ya tsinke, yanke shi ake yi daf da ƙulli. Wanda ya fizge shi ya sassauta sauran. Muna godiya ga masu dawakin da suka ba da gashi, da gyartan da ya ɗinke mana ƙoran kiɗan mata guda biyu. Ɗinkin gyartai yana riƙe tsagar da ba ta wuce tsawon yatsa ba. In ta wuce haka ƙwaryar ta mutu ga kiɗa, sai dai ta koma awon hatsi.

Mai gidan da ya ba mu tsakar gidansa shekara da shekaru, da iyalinsa da ke haƙuri da mu, Allah ya ƙara arziki, ya raya zuri'a. An sha ba mu shawara mu koma babban ɗakin taro mai rufin kwano tunda jama'a ta ƙaru. Mun gode da shawarar, amma ba za mu koma ba. Katangar ƙasa tana shanye sauti ta mayar da shi a hankali. Kwano da siminti kuwa wurgo shi suke yi, kafin molo ya gama faɗin abu ɗaya amsa-kuwwar na baya ta hau kansa. Muna zaunar da makaɗa ne su ba katangar gabas baya, saboda iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, katangar ta tare musu ita, kuma sautin ya bi iska ya isa ga jama'a. Tabarmi a jera su rabin da'ira, sahun farko mita biyu daga makaɗa, dattawa masu ciwon gwiwa a kan benci daga gefe, mata a ɓangarensu kusa da ƙofar cikin gida don mai goyo ta fita ba ta tsallaka kowa ba. Ruwan kashe ƙura bido uku na lita 25 ya isa, a yayyafa awa ɗaya kafin a shimfiɗa, a bar wurin makaɗa a bushe. Kowa ya san abin da bido uku yake nufi a garin nan. Ƴan garuwan da suka riƙa kawowa suna ƙin karɓar kuɗi, Allah ya shayar da ku.

Matasan da ke kula da sauti sun cancanci a tsaya a kansu. Aikinsu shi ne a ji kuntigi daga sahun ƙarshe ba tare da an ji cewa akwai lasifika ba, kuma wannan ya fi cika unguwa da ƙara wuya nesa ba kusa ba. Makirufo ɗaya ga kowane abin kiɗa, tazarar taƙi ɗaya daga fata, a ɗan karkace shi kada ya kalli hannun makaɗi. Na sarewa a sa shi gefen baki, a rufa masa soso, in ba haka ba hucin mai busa kaɗai za a ji. Lasifika biyu, a gaban makirufo suke tsayawa suna fuskantar jama'a. Da zarar lasifika ta koma baya, makirufo zai kama abin da ta fitar ya sake mayar mata, nan ne ake jin kukan nan mai huda kunne. In ya taso, a fara rage makirufon da ya jawo shi, ba a kashe komai gaba ɗaya ba.

Injin wuta mun daina amfani da shi sai dole, don ko an kai shi bayan katanga gurnaninsa yana cinye ƙasan muryar molo. Batir muke sawa. Lissafin ba wuya: batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da abin da ya kai wat 1,200 na awa guda, amma rabi kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko, wato 600. Ƙwayayen fitila shida masu wat 10 sun ci 60, na'urar ƙara sauti da ta haɗa muryoyi su ci kamar 120, jimla 180. Zaman awa biyu da rabi ya tashi 450, ragowar ta tafi ga asarar na'urar da ke juya wutar batir zuwa bolt 220. Kun ga babu rarar da za a yi cajin waya da ita. Daren da fitilu suka dushe kafin waƙar ƙarshe, wayoyi aka tarar an jona a bayan benci. Ba mu kama sunan kowa ba. Wata matsalar kuma, in wayar makirufo ta kwanta jere da wayar wuta, za a ji wani zuuu a lasifika. A raba su, in dole su haɗu to su gicciye juna.

Maganar kuɗi ita ce aka fi yi mana gardama a kai, don haka bari mu sake faɗa. Ba a liƙi ana cikin waƙa, kuma ba a wasa wani da ke zaune don ya ba da. Ba don roƙo abin kunya ne ba, sana'a ce mai asali, tana da wurinta a biki da naɗin sarauta. Amma da zarar mutum ɗaya ya miƙe da takardar jika a hannu, waƙar ta bar hanyarta ta bi shi, talakan da ke kan tabarma kuma ya fara jin kamar ya zo cin arziki. Abin da muke yi shi ne a sallami kowane makaɗi da abin da aka yi yarjejeniya, da kuɗin motarsa, tun kafin ya zauna. Ƙwaryar tara gudummawa tana bakin ƙofa a rufe da faifai, mai dala ya sa, mai jika ya sa, marar komai ya wuce da sallama. Ana ƙirgawa a gaban mutum uku a daren, kashi biyu cikin uku a ƙara wa makaɗa, ɗaya ya tafi ga fata, gawayi da gyaran tabarmi. Ƙwaryar ba ta taɓa isa ita kaɗai ba. Alhazai da Hajiyoyin kasuwa da ke cike giɓin, waɗanda suka hana mu ambaton sunansu, Allah ya san ku, ya mayar muku da ninkinsa. Haka ƴan'uwanmu mazauna Yamai da Agadas da Kano da ke aiko da nasu.

Mai unguwa, ranka ya daɗe, mun gode da tsayawa tsakaninmu da maƙwabta. Alkawarin tashi ƙarfe goma da rabi yana nan, kuma bana ba a saɓa shi ba. Ƴan kabu-kabu da masu adaidaita da suka riƙa kashe inji tun daga bakin lungu suna turo abin hawansu, mun gani, mun gode.

A daren tunawa da magabata an yi maganar marigayi Malam Maman Barka, ɗan Taskar a nan jihar Damagaram, wanda ya rasu a 2018. Malamin makaranta ne kafin gurmi ya fito da shi, daga baya ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna gaban dattijon da ya rage yana kaɗa biram, abin kiɗan ƙabilar Buduma mai tsarkiya biyar da siffar kwalekwale, ya koya ya kai shi duniya. Da bai je ba, da wuya mu san muryar biram yau. Wannan ne ya sa muka ɗauki aikin kwafe tsofaffin kaset na kiɗa da muhimmanci, kuma ɗaliban jami'ar da suka karɓe shi sun yi abin a yaba. Kaset ɗin da ya daɗe a akwati ba a cusa shi a rakoda kai tsaye. A fara juya shi da biro daga farko zuwa ƙarshe don zaren da ya manne ya saki. A duba ɗan audugar nan da ke ƙarƙashin zaren, in ta faɗi sauti zai riƙa rawa, sai a manna wata. A goge kan rakoda da robar da ke jan zare da auduga da alkol bayan kowane kaset biyu ko uku, don tsohon zare yana zubar da jan gari. A kwafa sau ɗaya daga farko har ƙarshe ba tsayawa, a ajiye kwafi a wuri biyu, ba gida ɗaya ba. A rubuta sunan makaɗi, garinsu, kayan kiɗan da shekarar in an sani. Ba za mu sa ko ɗaya a intanet ba sai da izinin mai shi ko magadansa.

Yara uku da ke koyon gurmi da kukuma sun zauna bayan iyayen gidansu bana, an ba kowannensu waƙa ɗaya. Ɗaya hannunsa ya yi sauri ya bar ƙwarya a baya, wannan na kowane sabon hannu ne. Iyayen da suka bar su suna zuwa, mun gode.

Waɗanda suka ara mana tabarmi da benci, ana nan ana mayarwa gida gida cikin makon nan, wanda bai ga nasa ba zuwa Juma'a ya leƙo wurin mai gida. Akwai mayafi biyu, hula ɗaya da takalmin yaro wari guda da aka tsinta, suna zaure. Mai tsohon kaset na kiɗan Damagaram a gida kada ya gwada kunna shi, ya kawo yadda yake, za a kwafa a mayar masa da abinsa. Fatun baɗi kuma da Babbar Salla za a tara su, don haka mai niyyar ba da ta akuya ya gaya wa mahauci ya feɗe a hankali, a shanya ta a inuwa, kada a sa mata gishiri.

Kwamitin shirya zaman kiɗa, Damagaram