Na dawo daga Agadas da rairayi a kunne

Asabar, da dare.

Jiya bayan isha'i muka shigo ta Babura, yau tun da hantsi zauren Baffa ya cika da 'yan sannu da zuwa. Wanka biyu na yi, amma har yanzu in na sa yatsa a kunne sai na ji rairayi.

Kowa labarin Agadas yake so, musamman masallacin nan na ginin ƙasa mai hasumiya mita 27. Na ba su a taƙaice, don ni hanyar ce ta tsaya min a rai. Daga Agadas zuwa Damagaram kusan kilomita 450 ne. Bayan mun wuce Adarbisanat, kafin Tanut, kwalta ta ɓace, motarmu ta kafe a yashi da rana tsaka. Direban, wani Buzu mai rawani har hanci, ko tsaki bai yi ba. Ya sauka ya rage wa tayoyi iska, ya tone gabansu da hannu, ya ce mu tura. Sau uku muka tura kafin ta fita.

Da ya kashe injin don ya huce, sai na ji irin shirun da ban taɓa ji ba. Ba kukan jaki, ba tsuntsu, sai tumfafiya jefi-jefi da iska mai zafi kamar daga bakin murhu. Ruwan jarkata ya zama na wanka. Na salkarsa kuwa, da ke rataye a jikin mota, sanyi ƙalau, ko da yake warin akuya ya kusa sa ni amai. Na sha dai. Ya hura gawayi ya dafa shayi, mu muna ta duba agogo, shi ko a jikinsa.

Baffa bai tanka ba sai da jama'a suka watse.

"Ka ga ayari?"

"Raƙuma bakwai kawai na gani, Baffa, daga nesa."

Ya girgiza kai. Wai yana yaro Buzaye kan sauko da gishirin Bilma su koma da gero. Na ciro guntun kantun da na sayo masa a kasuwar Agadas. Ya juya shi, ya lasa, ya ce shi ne. Sannan ya ɓantari kaɗan ya aiki Sani ya kai wa tumaki, sauran ya tura ƙarƙashin buzunsa na salla.