Waƙar Tallan Taki da Ta Shiga Gidan Biki

Gab da faɗuwar damina wani mai shagon kayan noma a yankin Ringim ya ba mu aikin waƙar tallan takin zamani. Minti ɗaya ya saya a rediyo, sai muka raba shi: daƙiƙa 10 kiɗa, 35 waƙa, 15 sanarwar sunan shago da inda yake.

Amshi muka fara yi kafin baiti, kuma a nan aikin yake. Kalma shida ne, kirari ga manomi mai sammako, a kan karin da ya yi kusa da na gaɗa. Sunan shagon a baiti muka sa shi. Mai shago ya so a cusa shi cikin amshi, na ƙi, domin yarinya ba za ta tafa hannu a dandali tana kiran sunan shagon wani ba.

Ɗauka ta farko ba ta yi ba. Mai fiyano ya cika kiɗan da kauri. A sitidiyo daɗi, amma da muka kunna a ƙaramar waya sai murya ta nutse. Muka rage kaurin, muka ɗaga muryar 'yan amshi, muka kira makaɗin kalangu ya buga da hannu. Ku gwada waƙa a ƙaramar waya da lasifikar mota kafin ku miƙa ta, don da su za a ji ta a ƙauye.

Rediyo ta gabatar da ita, amma masu cajin waya ne suka yaɗa ta. Mun tsawaita ta zuwa minti huɗu, muka kai musu ranar Lahadi a kasuwar Gujungu, suna tura wa mutane a memori. Daga nan 'yan acaɓa suka ɗauka. Kafin kaka, 'yan mata na rera amshin a wajen kamu.

Kuskure biyu muka yi. Mun ambaci kuɗin buhu a baiti. Farashi ya tashi, manoma suka riƙa zuwa shago suna kafa hujja da waƙa, dole muka sake ɗaukar baitin. Na biyun ya fi ciwo: ba mu rubuta yarjejeniya ba. Mai shago ya ce ya saye waƙar ɗungurungum, mu kuwa a ganinmu minti ɗayan nan kawai muka sayar. Yanzu kafin mu kunna fiyano sai an rubuta na waye karin, wata nawa za a yi ana tallan, shaidu biyu su sa hannu.