Laraba, ni da Doug a cikin mota

Sanyin yau ba a magana. Motata ta ƙi tashi, Doug ya rage mini hanya zuwa aiki, kuma tun kafin mu hau babban titi ya ɗauko zancensa na kullum, hokin ƙanƙara.

Wai surukinsa ne ya ce ƙungiyoyi 32 sun yi wa NHL, babbar gasar hokin Amurka da Kanada, yawa, duk wadda ta kasa riƙe kanta a rushe ta kawai. Na ce ai gara a sauya mata gari, ko ba komai 'yan wasa da ma'aikata ba su rasa abincinsu ba. Doug ya yi shiru har muka wuce danja, sannan ya ce, "Ba ka garin nan a 1996." Shekarar da aka kwashe Jets, ƙungiyar garinmu Winnipeg, aka kai Phoenix aka sauya mata suna zuwa Coyotes ke nan. Ya ce da a ce mutuwa ta yi, da ya yi kuka ya haƙura. Amma ganin 'yan wasansa a hamada sanye da wata riga, wannan bai taɓa yafewa ba.

Rushewar ma ba yi ake ba. Rabon da NHL ta rage ƙungiya tun 1978, da aka haɗe Cleveland Barons da ta Minnesota. Coyotes ɗin nan sun ƙare suna wasa a filin jami'a mai kujeru kusan 5,000, duk da haka a 2024 aka biya dala biliyan 1.2 aka kai su Utah. Wa zai yanka saniyar da ake tayawa haka?

Abin da ya tsaya mini a rai: Jets ɗin da Doug ke wa ihu yanzu, Thrashers ce ta Atlanta da aka ɗauko a 2011 aka sa mata sunan Jets. Na tuna masa. Ya yi dariya, wai mutanen Atlanta ba su san darajar wasan ba. Haka wasu suka raina Winnipeg a wancan lokacin, wai gari ƙarami, dalar Kanada ba ƙarfi. Na haɗiye maganar, motarsa nake ciki.

Mutanen Quebec sun fi ba ni tausayi. An kai ƙungiyarsu Nordiques Denver a 1995, shekara na zagayowa ta ɗauki kofin Stanley, babban kofin gasar. Mutanen Quebec sun buɗe sabon fili a 2015, har yau jiran ƙungiya suke.

Aiki dai sai a hankali. Maman Hanif ta yi miyar kuka. Hanif kuma wai sai na kai shi kallon wasan Asabar, bai san kuɗin tikiti ba.