Laftof daga Maraɗi, hannu daga Katsina

Abu na farko da na rubuta a laftof ɗin nan sallama ce. Na buɗe shafi, na ɗora yatsu kamar yadda na saba, ban ko kalli madannan ba, na buga "Assalamu alaikum". Da na ɗaga kai sai na ga allo ya nuna mini "Qssqlq,u qlqiku,". Na goge na gwada "wannan", ta fito "zqnnqn".

Ƙanen matata ne ya kawo mini ita daga Maraɗi da ya zo hutun salla. Tsohuwar ThinkPad T430 ce, irin ta 2012, mai nauyi da ƙwari, ta yi aikinta a wani ofis a Turai kafin ta faɗo hannun 'yan gwanjo. Ya san ina koyar da Hausa, ya san kullum a waya nake buga tambayoyin jarrabawa har idona ya yi ja, shi ya sa ya yi mini wannan alheri. Da na kira shi na ce kwamfutarsa ta rikice, dariya ya yi ya ce, "Yaya, lafiyarta lau. Faransanci take ji."

Gaskiyarsa. A Nijar kibod ɗin da aka saba da shi shi ne AZERTY, na Faransa, sunan kuwa daga haruffa shida na farkon layin sama aka ɗauko shi. Mu nan QWERTY muka gada, tsarin da ya samo asali daga tafiretocin Amurka tun shekarun 1870. Tsakanin Katsina da Maraɗi tafiyar 'yan awoyi ce ta Jibiya, yare ɗaya, dangi ɗaya, amma yatsunmu makaranta daban suka yi. A AZERTY an musanya A da Q, an musanya W da Z, an ɗauke M daga layin ƙasa an kai ta gefen L. Ga mai rubuta Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne, don babu harafin da muke taɓawa kamar a. Duba jimlar nan da kake karantawa ka ƙirga. W da M ma ba su da hutu a wurinmu. Sannan lambobi: a AZERTY ɗin Faransa sai ka riƙe Shift kafin 1, 2, 3 su fito, in ba haka ba &, é, " za ka gani. Hatta aya, wannan ɗigon na ƙarshen jimla, sai da Shift. Malamin da zai rubuta tambaya ta 1 zuwa ta 60 ya san abin da nake nufi.

Na yi mako biyu ina ƙoƙarin koya wa hannuna sabon wuri. Bai yiwu ba, saboda da safe a makaranta QWERTY nake taɓawa, da dare in dawo AZERTY, sai na zama ina kuskure a duka biyun.

Wani abokin aikina ne ya fara buɗe mini ido. Ya ce kibod ba harafi yake aikawa ba. In ka danna madanni, abin da ke tafiya ciki lambar wurin ce kawai, wato "an taɓa na farko a layi na biyu". Windows ce ke duba tsarin da aka zaɓa mata ta yanke cewa A ce ko Q. Fentin da ke kan madannin don idonka aka yi shi, na'urar ba ta san da shi ba. Nan take ya shiga saitin harshe ya ƙara tsarin Amurka, ya nuna mini yadda ake juyawa tsakaninsu da madannin Windows haɗe da dogon madannin tazara. Sallamata ta fito daidai.

Sai dai ya zaɓi wanda ake kira na Amurka na ƙasa da ƙasa, kuma wannan tarko ne ga Bahaushe, ina roƙon duk mai karanta wannan ya kiyaye. A wannan tsarin, in ka danna alamar hamza, wato waƙafin saman nan, ba ta fitowa nan take. Jira take ta ga harafin da zai biyo baya don ta hau kansa, saboda masu rubuta Sifaniyanci da makamantansu. Sai "sana'a" ta koma "sanaá", "jama'a" ta koma "jamaá", "'yan makaranta" su zama "ýan makaranta". Na sha ganin irin wannan a takardun gayyata da sanarwar masallatai ina mamakin daga ina yake fitowa. Ranar na gano. Maganinsa shi ne a zaɓi na Amurka zalla.

Da a ce ni kaɗai nake amfani da laftof ɗin, da na tsaya nan, don ba na kallon madannai in ina bugu. Amma 'yata ta fari tana koyo a kanta. Ta ga A a rubuce ta danna, Q ta fito a allo, ko ta nemi M inda aka zana ta ta samu wata alama. Yaro da ido yake koyo. Na sayo sitika masu haruffa na manna, ba su yi wata biyu ba zafi da gumin hannu suka fara ɗaga gefensu, gam ya riƙa kama ƙura, madannai suka yi baƙi ƙirin a gefe. Wani ya ce in ɓalle madannan in sauya musu wuri. Haruffa biyar ɗin za su sauyu, amma layin lambobi da alamomi fa? Fentin é da ç da à yana nan daram. Ga shi ƙarƙashin kowane madanni akwai 'yar roba mai kama da almakashi, siririya, in ta karye shi ke nan.

Don haka na yanke shawarar a cire kibod ɗin gaba ɗaya a sa wani.

Na je wurin wani yaro mai gyara a kasuwa, saurayi mai natsuwa. Ya juya laftof ɗin ya duba lambarta, ya ce, "Malam, ka yi sa'a. Wannan kibod ɗinta da kansa yake fita, da firam ɗinsa. Kuma na X230 da T530 duk suna shiga." Ya nuna mini wata sabuwar laftof siririya da ke kan teburinsa a buɗe, wadda aka liƙe kibod ɗinta a jikin murfin sama da ɗigo-ɗigon narkakkiyar roba. Ya ce irin wannan sai dai a sauya murfin dungurungum, ko a yi ta yanke ɗigon ɗaya bayan ɗaya, kuma ramukan madannan a jikin murfin aka huda su, don haka ba kowane tsari ne zai zauna ba.

Nan ya ciro guda biyu daga kwali ya ajiye a gabana, duka QWERTY, ya ce in zaɓa. Ni da farko ban ga bambanci ba. Ya sa yatsa a kan Enter. Na ɗaya dogo ne a tsaye, ya ci layi biyu, mai lanƙwasa a sama. Na ɗayan a kwance yake, layi ɗaya. Ya nuna Shift na hagu: a na farko gajere ne, da ƙarin madanni ɗaya a gefensa, a na biyu dogo. Na farkon na Ingila ne, ginin Turai, irin ginin AZERTY ɗin da zan cire. Na biyun na Amurka. A na Ingila akwai alamar fam a kan 3, sannan @ tana can kusa da Enter, alhali a na Amurka tana kan 2. Ya ce akwai ma na Jamus a cikin kwalin, wanda Y da Z suka yi musanya, mutane kan saya ba su lura ba sai sun je gida.

Na ɗauki na Amurka, kuma ina da dalili. Windows tana da tsarin kibod na Hausa a cikinta, a kan na Amurka aka gina shi. In na sa na Ingila, haruffa za su dace amma wasu alamomi za su saɓa wa fentin, na koma gidan jiya.

Aikin kansa bai ɗauki minti goma ba, na tsaya a kansa ina kallo. Ya kashe ta, ya zare batir, ya danna madannin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wuta ta fita. Ya buɗe ƙaramin murfin da ke ƙasa, ya kwance kusoshin da ke riƙe da kibod da ɗan siririn sukundireba, ya zuba su a murfin kwalba don kada su ɓace. Ya juyo ta, ya tura kibod ɗin sama wajen allo da tafin hannu biyu har gefensa na ƙasa ya saki, ya ɗaga a hankali. A nan ya tsaya ya ce, "Malam, wurin nan ne mutane ke ɓarna." Wata waya ce a ƙarƙashi, mai faɗi, siririya kamar takarda, wadda suke kira fileks. Mai gaggawa yakan fizgi kibod ɗin ya yage ta ko ya ɓalle mazauninta. Ya sa farce ya ɗaga kanta, ta fita. Abin da na gani a ƙarƙashin ya sa na yi shiru: ƙurar ƙasashe biyu, har da wani gashi mai ruwan zinariya da ya taho tun daga Turai. Ya hure, ya goge, ya maƙala sabon, jan ɗigon nan na tsakiya mai motsa kibiyar allo da madannansa uku duk tare suka zo. Kafin ya ɗaure kusoshi ya kunna don mu gwada kowane madanni.

Sai kalmar sirri ta ƙi shiga. Sau uku. Na san abin da na sa, har da lambobi huɗu a ƙarshe. Yaron ya tambaye ni yaushe na sa ta, na ce ranar da aka kawo laftof ɗin. Ya ce, "Ka riƙe Shift lokacin da kake buga lambobin?" Ban riƙe ba. Ashe abin da na ɗauka lambobi ne, &é"' da 'yan'uwansu na adana, ɗigo-ɗigon da ke ɓoye rubutun suka hana ni gani. Duk tsawon lokacin shafin shiga yana kan Faransanci, shi ya sa take karɓa, sai da ya sauya shi ranar abin ya fito fili. Ya danna alamar harshe a kusurwar ƙasa ta dama, ya mayar da Faransanci, na buga yadda na saba, ta buɗe. Muka sauya kalmar nan take. Duk mai shirin yin wannan aiki ya fara cire kalmar sirrinsa tukuna.

Abin da ya tsaya mini a rai kuwa, na duba kwalin nan, na Faransa, na Ingila, na Jamus, na Amurka, kowanne da haruffan mutanensa a zane. Bajamushe yana da ß ɗinsa, Bafaranshe yana da ç. Babu ko ɗaya mai ɓ, ɗ ko ƙ. Ba kwalliya ba ce waɗannan lanƙwasoshin. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Ina cire wa ɗalibi maki in ya rubuta ɗaya a wurin ɗaya, to da wane ido zan miƙa masa takardar tambaya da ni kaina na yi hakan? Da na isa gida na ƙara tsarin Hausa a saitin harshe. Alt na dama, wanda a tsohon kibod ɗin aka rubuta masa Alt Gr, in ka riƙe shi ka danna b sai ɓ ta fito, d ta ba da ɗ, k ta ba da ƙ, y kuma ta ba da ƴ, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y. A kwamfutar da ba ta da wannan tsarin, cikin Word, kana iya buga 0199 ka danna Alt da X, ƙ ta fito. 0253 na ɓ ne, 0257 na ɗ. Na ɗauko jan fentin farce na matata na ɗiga ƙaramin ɗigo a kusurwar madannai huɗun nan, don 'yata ta san akwai wani harafi a ɓoye a ƙarƙashinsu.

Tsohon kibod ɗin ban yar ba. Na faɗa wa ƙanen matata, ya ce in ajiye masa, akwai wani abokinsa a Maraɗi da ya sayo irin wannan laftof ɗin daga Kano, QWERTY ce, ya rasa inda é take. Na naɗe shi a jarida na sa a leda, yana saman kabad yana jiran mai tafiya ta Jibiya.