Kitansi nake nema kafin in fito da kuɗi

Shagona yana bakin hanya kusa da babbar kasuwar Garwa a Kamaru, don haka ba na rasa kallon rigimar fakin. Mutum ya ajiye mota ya shiga sayen buhun shinkafa, ya fito ya tarar an maƙala wa tayar gaba ankwar ƙarfe, ga ma'aikata biyu a inuwar darbejiya suna jiransa. Daga nan sai ciniki: "Alhaji, kawo jaka 5 mu buɗe maka." Ya taya 2, a daidaita a 3, kowa ya kama gabansa, ba takarda.

Ni wannan cinikin ne ba na so, ko da ya fi arha. Tarar gaskiya ta meri ce, wato ofishin magajin gari, kuɗin na shiga asusun gunduma, ana ba ka kitansi, wato rasidi mai lamba da hatimi. Wanda ya biya a bakin titi bai da shaidar komai. Gobe wani ayarin zai kama shi a wuri ɗaya, kuma sun gane shi mai sakin hannu ne.

Dokar raba iko ta Disamba 2019 ta bar wa magadan gari kula da tsarin tituna, sannan a Agusta 2022 shugaban ƙasa ya sa hannu kan dikirin da ya tsara aikin 'yan sandan gunduma. Ba su da izinin amfani da ƙarfi a kan kowa, sai dai don kare kai. Saboda haka in an tare ka, ba sai jijiyar wuya ta tashi ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe, laifin me aka rubuta, kuma a wane ofishi zan biya?" Mai aikin gaskiya zai nuna maka. Wanda ya soma kame-kame, ka san inda ya dosa.

Abu guda ne ba a wasa da shi: furiyer, wurin da hukuma ke ajiye abin da ta kama. In aka ja mota ko babur zuwa can, kowace kwana kuɗi ne, kuma kayan da aka daɗe ba a nema ba ana iya gwanjonsu (har akuyar da aka kama tana yawo haka hukuncinta yake). Ka je ranar, da kartigiris (takardar rajistar mota ko babur) da katin ɗan ƙasa.

Yaran da ke gadin babura a ƙofar kasuwa ko asibiti kuwa, nasu daban. Tikitin sefa 100 da suke yagar maka ladan gadi ne, kuma ina biya da daɗin rai, don babur a Garwa ba a barinsa shi kaɗai. Amma mai gadi ba hukuma ba ne, ba ya cin tara. Wani ya taɓa ce wa ƙanena ya ƙara 500 wai ya wuce la'asar. Na tambaye shi inda aka rubuta haka a jikin tikitin. Ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "To Baba, a ba ni na ruwa." Na ba shi 50.