Gilashin yana nan garau, ƙwaƙwalwar ce ta tsufa

Ɗan ƙanwata zai yi aure bayan babbar sallah, shi ne ya ɗauke ni a bayan mashin zuwa Sabon Gari in taya shi zaɓen talabijin, tun da ya san na shafe shekaru ina kwance bayansu. Ina can ina ƙirga ramukan HDMI, inda ake soka wayar dikoda ko laftof, shi kuwa tambaya ɗaya yake nanata wa mai shago: "Simat ce? Tana YouTube?" Mai shago ya miƙo rimot mai maɓallin Netflix, shi ke nan an gama da shi. Na ce ya tambayi shekarar da aka ƙera ta, da kuma har yaushe kamfanin zai riƙa aiko mata da sabuntawa. Ya ce, "Kawu, ai sabuwa ce a kwali."

Na yi shiru, don da bakina na sha faɗa wa mutane wannan maganar. Lokacin da simat ɗin farko, wato talabijin masu shiga intanet, suka shigo, duk wanda ya nemi shawarata ce masa nake ya cije ya ƙara kuɗi. In na je haɗa wa mutum a gida kuwa, shafukan sharuɗɗan nan da ke fitowa a kunnawar farko ba na ko ɗaga kai, na yarda, na yarda, na yarda, in sa mata wayfai, in sa adireshin imel na mai gida, a sallame ni. Gida nawa na yi wa haka, Allah kaɗai ya sani. Ko da yake a yi mini adalci, wa ya san wani abu a lokacin? Sharuɗɗan da Turanci suke, sun fi takardar sayen fili tsawo, mai gida yana tsaye a kaina yana jiran ya ga ƙwallo. Da na tsaya karatu cewa zai yi ban iya aikin ba. Amma dai ni ne masanin a ɗakin, kuma ni na danna.

Abin da ban fahimta ba da wuri shi ne kaya biyu ne a jiki ɗaya, kuma kwanansu ba ɗaya ba ne. Akwai gilashi da layukan fitilun da ke haska shi ta baya, da fanel ɗin wuta. Waɗannan in an kula suna kai shekara goma, in sun lalace kuma akwai gyara: a sauya layin fitila, a sauya kafasita da ta kumbura. Sai babban fanel, wanda ƙaramar kwamfuta ce mai rauni. A masu araha za ka tarar da RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, giga 1 ko 1.5, ma'adana giga 4 ko 8, an liƙe ta da dalma, ba a ƙara ta. Wayar da ke aljihun yaron nan ta ninka ta ƙarfi, kuma ita wayar duk shekara uku yake sauya ta.

Manhajoji ba sa jiran kowa. A 2015 YouTube ya daina aiki a talabijin da yawa na 2012 da kafin nan, saboda an rufe tsohuwar hanyar da suke bi. A Disambar 2019 Netflix ya yanke wasu talabijin na Samsung na 2010 da 2011. Hoto tas, sauti tas, maɓalli yana nan a rimot, ka danna ba abin da zai buɗe. Akwai kuma matsalar takardun shaidar tsaro da na'ura ke amfani da su ta tabbatar da shafin da take magana da shi. Suna da ranar ƙarewa. Ranar 30 ga Satumba 2021 wata babba daga cikinsu ta ƙare, tsofaffin na'urorin da ba a sabunta musu ba suka shiga ƙin buɗe shafuka. Wani lokacin ma ba wannan ba ne, agogo ne kawai: an ɗauke wuta, talabijin ta koma wata tsohuwar shekara, sai ta ɗauki kowace shaida a matsayin ta bogi. Gyara kwanan wata kafin ka kira irina.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne wadda ta tsaya a tambarin kamfani, tana kunnuwa tana mutuwa. Sau da yawa ma'adanar ce ta gaji da rubutu, ko NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa. Sai an sake zuba mata manhaja ko a sauya babban fanel ɗungurungum, kuma dole ya dace da lambar gilashin. In sunan da ke jikinta irin wanda ake mannawa a kwantena ne, sai ka karaɗe kasuwa ba ka samu ba. A 2024 Samsung ya yi alƙawarin shekara bakwai na sabunta Tizen, manhajar da ke tafiyar da talabijinsa, LG kuma shekara biyar ga tasa, webOS, amma ga sababbin samfura. Mai sunan kwantena bai yi wa kowa alƙawari ba.

Sai abin da na danna wa mutane ba su sani ba. Ana ce masa ACR. Talabijin tana ɗan gutsuro hoto ko sautin abin da ke kan gilashi, ta mayar da shi wani gajeren tambari, ta aika can a gwada da rumbunsu, a gane me kake kallo da ƙarfe nawa. Ba ya cin data da za ka lura. Kuma ba ruwansa da ko daga manhajar ciki kake kallo, abin da ya shigo ta HDMI daga dikoda ko laftof ma yana iya bi ta kansa. A 2017 kamfanin talabijin na Vizio ya biya dala miliyan 2.2 a Amurka kan tattara irin wannan bayani daga talabijin miliyan 11 ba da yardar masu su ba. A 2013 an kama wasu talabijin na LG suna aika har da sunayen fayilolin da ke cikin falas ɗin da aka soka musu, kamfanin ya amsa ya fitar da gyara. Ka tuna abin da muke sokawa: bidiyon kamu, walimar suna, sunan amarya ɓaro-ɓaro a jiki. A 2015 kuma aka yi ta ce-ce-ku-ce kan sharuɗɗan Samsung da suka ce abin da ka faɗa kusa da makirufo yana iya kaiwa ga wani kamfanin daban. Da babban kamfanin kantunan Amurka, Walmart, ya sayi Vizio kan dala biliyan 2.3 a 2024, talla ya saya, gilashi gyara ne.

Na faɗa wa yaron duk wannan a hanyar dawowa, ya ce, "To Kawu, su sani mana, me zan ɓoye?" Yaran yanzu ke nan. Mutum ya sa labule biyu a tagar ɗakin amarya don kada almajiri ya leƙo, sannan ya rataye mai kunne a bango ya ba ta lambar wayfai.

Na yi niyyar rubuta masa shawara goma, ga abin da ya rage. Kada ka haɗa ta da intanet. Sayi gilashi mai kyau mai ramin HDMI uku, ka sa ƙwaƙwalwar a waje, akwati ko 'yar sandar kallo da ake sokawa a ramin HDMI, in ya tsufa ka yar ka sayi wani da kuɗi kaɗan. To amma fa ba kowane akwati ba. Masu arahar nan da ake cewa suna buɗe duk tashoshi kyauta, a 2025 hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta yi gargaɗi cewa da yawansu da ƙwayar cuta a ciki suke fitowa, suna ara wa ɓarayi intanet ɗin gidanka. Nemi wanda Google ya tantance a ƙarƙashin Play Protect. Shi ma ɗin yana tattara bayanai, ban ce waliyyi ba ne, sai dai shi ana iya zare shi.

Na ce kada ka haɗa, amma haɗa sau ɗaya ranar farko ta ɗauki sabuntawa, don wasu gyare-gyaren hoto da HDMI ta nan suke zuwa. Yi a kan inbata ko janareto mai cikakken mai, ba wutar NEPA ba. Da ta gama, goge wayfai ɗin daga saitinta. In kuwa ka ƙi ji, kuma na san za ka ƙi, kashe Live Plus a LG, kashe Viewing Information Services a Samsung, su ne ACR ɗin da na faɗa, ƙi amincewa da gane murya, kuma ka sake dubawa bayan kowace sabuntawa. Ka san kuma Netflix a HD yana iya shan giga 3 a awa, a 4K giga 7.

Fitar da ita daga saitin shago, rage hasken baya daga 100 zuwa wajen 60, shi ke ƙona fitilu tun ba a je ko'ina ba. Sa mata sitabilaiza. Ranar da za ka sayar, mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, don na sha buɗe tokumbo in tarar da akawun ɗin wani Bature a ciki, har da sunayen 'ya'yansa.

Inci 55 ya saya, mai sunan kwantena, ramin HDMI biyu. Ni na rataya masa, na tsallake shafin wayfai. Ina daga ƙofa ina sa takalmi na ji yana kiran abokinsa ya kunna masa hotsifot.